An ce waƙata ba ta da melodi, don Allah mene ne shi?

Nura Tela (Agege): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Wata huɗu ke nan da na sayi fiyano na hannu a Alaba, irin mai maɓalli 61, ina ɗan taɓawa da daddare in na rufe shago. Na rubuta waƙa a kan zuwana Ikko, baiti bakwai, amsa-amo bai karye ko sau ɗaya ba. Jiya na kai ta wani sitidiyo, na biya kuɗin awa biyu. Mutumin ya ɗora mini abin ji a kunne, ya saki kiɗa, na yi baiti biyu sai ya tsayar. Ya ce, "Oga, kalmomi sun yi, amma babu melodi, karatu kake yi a kan kiɗa." Na gyaɗa kai kamar na gane, na hau danfo na dawo ban gane komai ba. Mene ne melodin nan? Da me ake haɗa shi?

Alhaji Mai Albasa (Mile 12): Wa alaikumus salam. Nura, ashe kaftanina da ka riƙe mako uku waƙa ce ta cinye shi? Ba komai. Masu ilimi ku fito, yaro ya yi asarar awa biyu.

Isiyaku Sitidiyo (Idi-Araba): Ba ni ba ne ya je wurina, kada a tsarge ni. Amma mutumin bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai iya bayani ba. Ga gwaji mai sauƙi, ƙanena. Ɗauki waƙar da ka fi so a duniya, ka rufe baki, ka yi ta da fito ko da gunji a hanci, ba kalma ko ɗaya, ba ganga. Wanda ke kusa da kai zai gane ta? Zai gane. To abin da ya rage bayan an zare kalmomi da kiɗa, wanda har ya sa aka gane ta, shi ne melodi. Yanzu ka yi wa taka haka. In ka ji fito ɗaya ne miƙaƙƙe kamar ƙarar janareto, ka samu amsarka.

Nura Tela: Na gwada yanzun nan. Yaron shagona ya ɗauka sauro nake kora.

Malama Hadiza (Obalende): Nura, kada sunan ya tsorata ka, ba baƙon abu ba ne. Mu da muka karanta waƙar baka a makaranta rauji muke ce masa, wasu su ce karin murya. Kakarka da ke yi maka tawai a goye ta san shi sarai, ko da ba ta taɓa sa masa suna ba. Murya ce ke tafiya: ta hau, ta sauka, ta daɗe a wani wuri, ta gifta wani da sauri, ta tsaya ta numfasa, sannan ta koma inda ta fito. Gobe da safe ka kasa kunne ga mai tallan burodin Agege da ke bi ta layinku. Kalma biyu ce kacal a bakinta, amma kullum a wuri ɗaya take jan ta, a wuri ɗaya take sake ta, har in kana banɗaki ka san ita ce ba ɗayar ba. Haka kwandastan da ke kiran Oshodi. Ba wanda ya biya su kuɗin sitidiyo, amma sun fi ka rauji jiya.

Nura Tela: Malama, kin gama da ni. To hawa da saukar nan, da ido ake aunawa? Yaya zan san nawa zan hau?

Injiniya Bashir (Apapa): Bari in shigo da lissafi, tunda shi kaɗai na iya. Sauti girgiza ce. Abin da ya fi saurin girgiza shi kunne ke ji a sama, siriri. Mai jinkiri a ƙasa, kakkaura. Akwai maɓalli ɗaya wajen tsakiyar fiyanonka wanda duniya ta amince a daidaita shi a kan girgiza 440 a daƙiƙa guda. In ka ninka ta zama 880, kunne zai ce maka sautin nan ne dai, amma a saman bene. In ka raba ta zama 220, shi ne dai, a ƙasan bene. Shi ya sa namiji da mace za su rera waƙa ɗaya tare, muryarta na sama tasa na ƙasa, kuma ba wanda zai ce sun saɓa.

Ka nemi robar ɗaure kuɗi, ka ɗaure ta tamau tsakanin ƙusa biyu a kan teburin yankanka. Fizge ta ka saurara. Sai ka danne tsakiyarta daidai ka fizgi rabin, za ka ji ninkin da nake faɗa. In ka danne ta yadda kashi biyu cikin uku ne ke kaɗawa, za ka ji wani sautin da ke zama lafiya da na farko kamar wa da ƙane. Tsakanin sauti da ninkinsa Turawa sun yanka matakala 12. Ƙirga a fiyanonka: farare 7, baƙaƙe 5, sai zubin ya sake maimaituwa. Babban fiyano mai maɓalli 88 ma maimaicin nan ne kawai. Tazarar da ke tsakanin matakalar da ka bari da wadda ka taka, ita ce abin da kake tambaya.

Alhaji Mai Albasa: Injiniya, yaro ya ce waƙa yake so, ka kawo masa jarrabawa.

Injiniya Bashir: Alhaji, kai ma ba ka sayar da albasa da ka, sai da buhu da ƙirge.

Yakubu Ɗan Jos (Ketu): Ni ina koyar da ƙungiyar mawaƙa a cocinmu na masu jin Hausa, shekara tara ke nan, bari in ƙara abin da Injiniya ya tsallake. Matakala 12 ɗin nan ba duka ake takawa a waƙa ɗaya ba. Ana zaɓar wasu a bar wasu, kamar yadda mai miya ba ta zuba duk abin da ke kasuwa. Mu a coci matakala bakwai muke koya wa yara, do re mi fa so la ti, sunayen da suka samo asali daga wani malamin coci a Italiya, Gido na garin Arezo, tun ƙarni na 11. Amma a kunnena, akasarin waƙoƙinmu na gida biyar suke takawa. Nura, yau da dare ka bar fararen maɓallai gaba ɗaya, ka yi yawo a kan baƙaƙe kaɗai. Duk inda yatsanka ya faɗa ba za ka ji ɗaci ba, kuma ba za ka yi minti biyar ba sai ka ji wani abu da ya yi kama da waƙar daka ko ta 'yan mata a dandali.

Abu na biyu shi ne gida. Kowane rauji yana da sauti ɗaya da yake ɗauka a matsayin gidansa. Ya fita, ya yi yawo, ya dawo nan. Ina yi wa yarana wata mugunta: in rera waƙar da suka sani har ƙarshe, saura sauti ɗaya in rufe baki in fara duba waya. Wallahi ba sa iya zama. Wata 'yar shekara shida takan taso ta ja mini riga, ita ta ƙarasa da kanta, sannan hankalin ɗakin ya kwanta. Ba wanda ya koya mata. Waƙar da ba ta da gida, mai sauraro yana tsaye ne a bakin ƙofa har ta ƙare.

Sadiku Jikan Baba (Oko-Oba): Na karanta wa Baba abin da ake tattaunawa, yana kishingiɗe yana cin goro. Ya ce in kunna masa abin ɗaukar murya. Na san ba kowa ke da data ba, ga abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi:

"Ku gaishe min da wanga yaro. Ni ban san melodi ba, ban taɓa gamuwa da shi ba. Amma na hi shekara arba'in ina yi ma mahauta kiɗin kalangu, tun Talata Mafara har nan kwata. Kalangu ba ya da halshe, amma shina magana. In na matse tsirkiya ƙarƙashin hammata, hwata ta ɗame, murya ta hau. In na sassauta, ta sauka. Mahauci shina can duƙe bisa sa, hannu duk jini, bai ko waiwayo ba, ya san sunan ubanai anka kira. Mi yas sa? Don sunan da kainai shina da hawa da sauka, ni dai bin shi nika yi. Ku hwaɗa mai waƙa tana cikin magana tun ba a rera ta ba. Shi riƙa hwaɗin kalmominai da ƙarhi, sannu sannu, kamar shina kiran mutum ƙetaren gulbi. Inda magana tah hau shi hau, inda tas sauka shi sauka. Kak shi ɗauko tahiyar wani shi cusa ma maganatai."

Malama Hadiza: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da muka yi zango guda muna rubutawa a aji, ya faɗe shi da goro a baki. Nura, turo mana layin farko mu gani.

Nura Tela: "Ikko ki karɓe ni, na baro gida da kuka."

Malama Hadiza: A kalmar ƙarshe, muryarka sauka take yi ko tsayawa?

Nura Tela: Sauka. "Ku" a sama, "ka" a ƙasa. Ai ƙarshen layi ne, nan kiɗan ke faɗuwa.

Malama Hadiza: To ɗana, ba hawaye ka zubar ba. Ka shaida wa duniya cewa ka baro gida da garin kuka na miya.

Alhaji Mai Albasa: Ai bai yi ƙarya ba! Wa ya taɓa hawo motar Ikko ba ƙullin kuka da daddawa a jaka? Nura, ka ƙara kuɓewa busasshiya a baiti na biyu.

Maman Ilham (Ijora): Wayyo cikina. Nura, in ta rage ka aiko mini, tawa ta ƙare.

Malama Hadiza: Ku bar shi haka, ba shi kaɗai ba ne. Hausa tana da karin sauti, sama da ƙasa, da kuma faɗau wanda ke farawa sama ya zube, irin na "kai" na jiki. Rubutunmu na boko ba ya nuna su, shi ya sa mai rubuta waƙa a takarda yake mantawa suna nan. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. Kuka na bishiya sama ne sannan ƙasa. Wuya na jiki sama da ƙasa, wuya ta wahala ƙasa da sama. Maƙwabtanmu Yarabawa nasu ma hawa uku ne, har da do re mi suke koya wa yaransu karatun harshen, shi ya sa gangarsu ke zuba zance kamar mutum. Ka juya layin kawai: "Da kuka na baro gida." Kalmar ta dawo farko inda murya ke sama, "gida" ya koma ƙarshe, ka sauka a kansa lafiya.

Isiyaku Sitidiyo: A nan zan saɓa, tare da girmamawa ga Baba da Malama. Abin da kuke faɗa gaskiya ne a zamanin da mawaƙi ke zama da kalmominsa wata guda kafin ya buɗe baki. Mu yanzu ba haka muke aiki ba. Ina haɗa kiɗa tukuna, sautuka huɗu suna zagayawa, mawaƙi ya shiga ɗaki ya yi ta "la la la" har mu kama abin da ke maƙalewa a kunne, sannan a nemo kalmomin da za su shiga ramin. Janareto na shan mai, wani na jira a waje. Kuma maganar kuka, ku yi mini adalci, wa zai ji saurayi na waƙar barin gida cikin murya mai ban tausayi ya ɗauka miya yake nufi? Zance ne ke fassara kalma. In muka ce dole rauji ya bi karin kowace kalma, duk waƙoƙin Hausa za su zama iri ɗaya, kamar masu karanta labarai.

Malama Hadiza: Isiyaku, ban ce dole kowace kalma ba. Manyan mawaƙanmu ma suna take karin sauti in rauji ya buƙata, musamman a tsakiyar layi inda ake wucewa da gudu. Amma sun san sun taka, kuma ba sa takawa a kan kalmar da ta ɗauki nauyin waƙar. Kalmar Nura ita ce zuciyar baitin, a ƙarshen layi, inda ake ja a daɗe. Wannan kamar ka yi ɗinki mai kyau ne ka karkace aljihun gaba.

Kuma akwai abin da kunnen Bahaushe bai cika yafewa ba ko kaɗan, wato tsawon gaɓa. Gari na mutane da gari na tuwo karinsu ɗaya ne, ƙasa da sama. Abin da ya raba su shi ne "ga" ɗin na tuwo dogo ne. In raujinka ya ja gajeriyar gaɓa ya gutsure doguwa, mai ji zai ji kamar an taka masa ƙafa ko da bai san dalili ba. A kan wannan aka gina rubutacciyar waƙarmu. Malamanmu sun ɗauko awon aruli na Larabawa, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, karuruwa 16 in an haɗa da wanda aka ƙara bayansa, kuma ya zauna wa Hausa daram saboda mu ma gaɓoɓinmu nauyi da sauƙi ne. Waƙoƙin "la la la" da yawa nan suke faɗuwa. Ina jin su a keke, sai in rasa ko Hausa ake yi.

Isiyaku Sitidiyo: Amma ana saye, Malama.

Malama Hadiza: Ana sayen ruwan leda ma.

Yakubu Ɗan Jos: Isiyaku, mu mun riga ku shan wannan. Tsofaffin waƙoƙin da muka gada, raujinsu daga Ingila da Amurka aka kawo, aka zuba musu kalmomin Hausa. Muna son su, da su muka tashi, amma akwai layukan da sai ka duba takarda kafin ka san abin da bakinka ke faɗa. Sai ka zo ranar da matan zumunta suka tashi da tulunsu da kacau-kacau, da waƙar da ɗayarsu ta ƙaga tana wanki. Ba takarda, ba fiyano, tsohuwar da ba ta yi boko ba tana kama amshin tun zagaye na biyu. Ban ce ɗaya haram ɗaya halal ba, amma na ga wadda ke shiga jiki da wuri.

Abu Safwan (Alaba Rago): Jama'a, duk matsalolin da ke damun 'yan Arewa a garin nan, kiɗa muka zauna tattaunawa tun la'asar?

Alhaji Mai Albasa: Malam, jiya awa uku muka yi a kan kuɗin haya ba ka ce uffan ba. Wanda ba ya so ya wuce, ba a kama hannun kowa ba. Hukuncin kiɗa kuma akwai zauren malamai, ba nan ba. Ku ci gaba.

Maman Ilham: Ni tambayata daban. Me ya sa waƙoƙin finafinanmu, ko ba ka ji kalma ba, ka san ƙanshin Indiya ne? Kalmomin Hausa ne, mawaƙin ɗan Kano ne, to ina Indiyar take ɓuya?

Isiyaku Sitidiyo: A raujin take, Hajiya. Shekara da shekaru iyayenmu na kallon finafinan Indiya a silimun Kano da Kaduna da Jos, kunne ya jiƙu. Su suna da nasu sunayen matakala, sa re ga ma pa da ni, kuma ba sa tsalle daga sauti zuwa sauti kai tsaye, sulalewa suke yi, su lanƙwasa gaɓa ɗaya ta bi ta sauti uku ko huɗu kafin ta zauna. Ga siririyar muryar mace can sama, ga namiji da mace suna karɓa wa juna. Mawaƙin kalangu ko na kotso kuwa yawanci gaɓa ɗaya sauti ɗaya ne, yana faɗa yana wucewa, 'yan amshi na tare masa. Ko a makaho ka sa wa biyun zai raba.

Injiniya Bashir: Larabawa ma haka. Maƙamansu, wato tsarin matakalan waƙarsu, irin su Bayati da Rast da Saba, akwai masu taka wurin da ke tsakanin maɓalli biyu na fiyano, inda babu abin dannawa sam. Matakala 12 da na faɗa yankan Turawa ne, ba haka Allah ya saukar da sauti a yanke ba.

Sadiku Jikan Baba: Baba ya ce a ba Injiniya goro. Ya ce:

"Goge ba ya da matakala. Izga ta, da ƙoƙo da hwatar guza, yatsa na yawo inda yag ga dama. Sada nike yaro akwai wani mai goge garinmu, in yak kai wani wuri sai shi ɗan kauce kaɗan, ba sama ba ba ƙasa ba, tsigar jikinka ta tashi. Yaran yanzu in sunka ji wurin nan sai su ce kuskure na, su sa injin shi gyara."

Isiyaku Sitidiyo: Baba da ni yake, na ji. Auto-Tune ake nufi. Tun 1997 aka fito da shi, aikinsa ya jawo muryar da ta kauce ya ajiye ta a kan matakala mafi kusa. In ka ɗaure shi da ƙarfi sai muryar ta koma kamar ta ƙarfe, wadda kuke ji a waƙoƙin biki. Ba zan ɓoye ba, yana kashe irin kaucewar da Baba ke nufi, don shi bai san bambancin gwaninta da kuskure ba. Amma ku zo ku zauna a kujerata rana ɗaya. Cikin masu zuwa wurina, wanda ya kauce don gwaninta ɗaya ne, sauran ba su san inda gidan yake ba balle su kauce masa. Kuma ko injin bai iya ƙirƙirar rauji. In ka ba shi layi miƙaƙƙe, miƙaƙƙe zai mayar maka, sai dai ya yi sheƙi.

Yakubu Ɗan Jos: Gogen nan ma ai ya shigo garin nan tun tuni. Kiɗan sakara na Yarabawa da shi ake yi, goje suke ce masa. Fuji kuwa, wanda ya tsiro daga waƙar tashin mutane sahur, kusan ganguna ne zalla da murya, duk raujin a wuyan mawaƙi yake. Nura, kana zaune a Agege, makaranta na bin ka har ƙofar shago.

Nura Tela: Na gode ƙwarai, kaina ya cika. Amma ni muryata ba ta hawa can sama. In na matsa sai ta tsage. Ke nan ba ni da rabo?

Malama Hadiza: Wa ya ce maka sai an hau sama? Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, ɗan abu kamar tafin hannu, ya zaga duniya da shi. Kakaki da ake busa wa sarakuna, duk tsawonsa, sauti biyu ne galibi yake bayarwa, kuma da su yake kiran sarki. Marigayi Shata, a jina, ba mai yawo da murya nesa ba ne, yana da 'yan wuraren da yake takawa, amma ya san lokacin da zai jinkirta kalma har ka ƙagu, da lokacin da zai jefo ta kafin kalangu ya sauka. Faɗin filin da muryarka ke iya ci daban, abin da ka shuka a ciki daban.

Abin da nake zargin ya fi damun waƙarka shi ne ba ta da gindi. Baiti bakwai ka jero kamar buhunan Alhaji. Mawaƙanmu sukan kafa gindi tukuna, ɗan gajeren layi da raujinsa, wanda 'yan amshi za su riƙa dawowa kansa, sannan ɗiyan waƙa su riƙa fita suna komowa. Kunne yana son abin da ya taɓa ji, yana kuma son a ɗan ba shi mamaki. Ka yi layi na farko ya ƙare a rataye kamar tambaya, na biyu ya bi sawunsa sak amma ya sauka gida. Iyakar layi kuma numfashinka ne. In sai ka saci iska a tsakiyar kalma, layin ya yi maka tsawo, rage shi.

Isiyaku Sitidiyo: A kan gindi ba ni da ja. Mu ma shi muke fara nema, sunan ne kawai muka canza. In amshi bai kama yaron da ke kawo mana shayi ba, ba na ci gaba.

Alhaji Mai Albasa: Alhamdu lillahi, Malama da Isiyaku sun haɗu a wuri ɗaya. A rubuta ranar.

Nura Tela: Assalamu alaikum, barkanmu da safiya. Jiya ban yi barci ba sai wajen ƙarfe biyu. An ɗauke wuta, na sa wa fiyano batir, na zauna a kan tabarma da tocilan a baki. Na yi yadda Baba ya ce, na yi ta faɗin "da kuka na baro gida" da ƙarfi har maƙwabcina ya buga bango. Sai na nemi inda kowace gaɓa ta faɗa a kan baƙaƙen maɓallai. Huɗu kawai na taɓa. Na turo saƙon murya, daƙiƙa 20 ne, gindin kaɗai. Yau da safe ina guga na ji yaron shagona yana yin sa da fito bai ma sani ba.

Yakubu Ɗan Jos: Na saurara sau uku. Akwai gida yanzu. Layi na biyu ka sauka da wuri, riƙe "gi" ɗin ba naka ba ne, gajere ne, "da" za ka ja.

Isiyaku Sitidiyo: Ya fi na jiya nesa, ko ban ji na jiyan ba. Amma a hankali yake da yawa, ba mai taka rawa da wannan. Kawo shi ranar Talata da rana, lokacin ba layi, in ɗora masa kiɗa mu gani. Ba zan karɓi kuɗin awa ba, ka zo da man janareto lita biyu.

Malama Hadiza: Kada ka bari ya sa maka gudu har kukan ya koma miya.

Sadiku Jikan Baba: Na sa wa Baba a kunne. Ya ji, ya ce a maimaita, ya ɗauko kalangu daga ƙusa ya bi shi sau biyu. Ya ce layin farko kalangu ya yarda ya faɗa, na biyu ya ƙi. Ya ce kafin ka je wurin Isiyaku ka biyo ta nan ranar Lahadi bayan la'asar, ƙofa ta biyu bayan masu ƙuna, ka tambayi gidan makaɗa. Ka zo da goro fari, ba ya cin ja.

Alhaji Mai Albasa: Ka biyo da kaftanina tukuna.